Ranar da Aka Ce Mota Ta Buge Ki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, Uwata ta kaina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da natsuwa. Allah Ya sa tafiyar da za ki yi ranar Asabar zuwa hidimar ƙasa ta zama tafiyar alheri, Ya tsare miki hanya, Ya tsare ki daga sharrin wanda kike gani da wanda ba kya gani.

Na san za ki yi mamaki, muna kwana gida ɗaya amma na rubuto miki wasiƙa. Sau uku ina kiran ki falo da niyyar in faɗa miki da baki, sau ukun kuma ina ɓigewa da tambayar ki ko kin gama haɗa kaya. Jiya Ummanki ta tsare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ko ka faɗa mata ko ni in faɗa. Yarinyar nan ba za ta hau motar Kalaba ba ba tare da ta san abin da aka yi da sunanta ba." Shi ya sa yau na zauna a shago na ɗauki biro.

Kin tuna farkon daminar bana, kina makaranta a Zariya kuna jarabawar ƙarshe, na ce miki wayata ta faɗa ruwa shi ya sa ba a samuna? Ƙarya na yi miki, Allah Ya yafe mini. Kin tuna kuma a cikin wancan satin kawunki ya kira ki yana ta tambayar ko lafiya kike, kika ce me ya faru, ya ce ba komai? Akwai komai. Ga abin da ya faru.

Maƙwabcin shagona a kasuwar Utako, Alhaji Sabi'u mai fankoki, shi ya fara nuna mini harkar kuɗin intanet da ake kira kirifto. Ban ga laifinsa ba, bai ruɗe ni ba. Ya nuna mini kamfanin da ake saye da sayarwa a waya, na buɗe asusu, na riƙa zuba ɗan abin da ya samu daga cinikin kayan wuta. Da na ga abin ya fara tasawa sai na buɗe wani asusun a kamfani na biyu, na raba dukiyar gida biyu. Wai ni mai dabara, in ɗaya ya rushe ɗaya na nan.

To amma duk inda aka ce in sa kalmar sirri, abu ɗaya nake sawa: sunanki da shekarar da aka haife ki. Ita na sa a imel ɗina tun ranar da aka buɗe mini shi, kina 'yar firamare. Ita na sa a kamfanin farko, ita a na biyu, ita a wurin biyan kuɗin wuta, ita a ko'ina. Ina ganin ƙauna ce. Ina cewa ai ko na tsufa na ruɗe ba zan manta sunan uwata ba.

Ke da kanki kin taɓa yi mini magana. Kin zo hutu, na ba ki wayar ki tura wa wani takardar kaya, kika tambaye ni kalmar na faɗa miki. Kika ɗago kai kika ce, "Baba, ba ita ce ta wancan karon ba? Ya kamata ka riƙa bambantawa." Na yi dariya na ce, "Ni da na fara riƙe waya tun ba ki yi haƙori ba, ke za ki koya mini?" Kika bar maganar saboda ladabi. Da ma kin yi mini rashin kunya ranar, Uwata.

Saboda haka ga magana ta farko. Kada ki sa kalmar sirri ɗaya a wuri biyu, ko da wurin ba ki ɗauke shi da muhimmanci ba. Can inda za ki, za a sa ki buɗe asusun banki don alawus, ki cike fom a shafuka iri-iri, wasu ma sau ɗaya za ki shiga ba za ki sake komawa ba. Kowanne ki ba shi tasa. Kada ki sa sunana, kada ki sa na Ummanki, kada ki sa ranar haihuwa ko lambar waya. Ki haɗa kalmomi huɗu ko biyar waɗanda ba abin da ya haɗa su, ta yi tsawo. In kina tsoron mantuwa, akwai manhajar da ke adana su, Alhaji Sabi'u ita yake amfani da ita. Ni da na ga kaina ba zai ɗauka ba, ƙaramin littafi na saya na rubuta, yana can ƙasan akwatin da nake ajiye takardun gida. Kuma in na ƙasa da ke ya gaya miki gaskiya ki karɓa. Shekaru ba su hana ni faɗawa rami ba.

Wata rana da safe ina buɗe shago sai saƙo ya shigo imel daga kamfanin farko. Dogon Turanci ne. Abin da na tsinta a ciki shi ne wasu ɓarayin intanet sun kutsa musu, sun kwashe bayanan mutane: sunaye, lambobin waya, adireshin imel da kalmomin sirri. Na sauka ƙasa da sauri har na ga layin da suka ce kuɗin kowa na nan ba a taɓa ba. Na buɗe asusun na gani da idona, suna nan. Na ce alhamdu lillahi, na rufe saƙon. Ban ƙarasa karantawa ba.

Alhaji Sabi'u ya leƙo da tasa wayar a hannu, shi ma an turo masa. Ya ce, "Oga Ibrahim, ka ga abin nan? Ni tun asuba nake canje-canje. Ka canja taka?"

Na ce, "Yanzu zan canja."

Ya ce, "Ba nan kaɗai ba fa. Duk inda ka san ka sa irinta. Imel ma shi za ka fara."

Na ce, "Haba Alhaji, su da aka sata a wurinsu ai su ke da matsala. Me ya haɗa imel ɗina da su?"

Ya buɗe baki zai yi bayani sai mai sayen fanka ya kira shi. Ni kuwa na shiga kamfanin farkon na canja. Kin san canjin da na yi? Lamba ɗaya na ƙara a ƙarshe. Sauran wuraren ko kallonsu ban yi ba. Na koma auna wa mutane waya da miƙa ƙwan fitila, zuciyata wasai.

Abin da Alhaji ya so faɗa mini, wanda sai daga baya na zauna na saurara da kunnen basira, shi ne: mutanen nan ba lallai kuɗin da ke kamfanin suke nema ba. Jerin sunayen suke so. In sun samu adireshin imel ɗinka da kalmar da ka sa a wuri ɗaya, sai su sa na'ura ta bi sauran wurare tana gwadawa, ɗaya bayan ɗaya, ba gajiya. Wanda ya bambanta kalmominsa sai su wuce shi. Irina kuwa, ko'ina suka taɓa sai ya buɗe.

Don haka, duk ranar da kika ji an ce an kutsa wa wani kamfani da kike da asusu a ciki, kada ki tsaya a kan cewa kuɗinki na nan. Ki karanta saƙon har ƙarshe. Ki ajiye duk abin da kike yi ki canja a ranar, canji na gaske, ba ƙarin lamba ɗaya irin nawa ba. Kuma ki fara da imel. Ni ina ɗaukar imel wurin karɓar rasit ne kawai. Ashe duk wanda ya riƙe shi ya riƙe sauran, don duk asusun da aka ce an manta kalmarsa, can ake tura hanyar sake sabuwa. Ki kunna masa tsaron nan mai hawa biyu, wanda ko mutum ya san kalmar sai ya kawo wata shaida kafin ya shiga. Minti biyar ne aikin. Ni na ƙi ba shi minti biyar.

Sati uku shiru, har na manta. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, shago ya cika. Wani ɗan kwangila na tsaye a kaina yana son soket na gida guda, wata mata tana dawo da abin caji wai ba ya aiki. Sai waya ta yi ƙara. Na ɗauka na maƙala a kafaɗa.

Muryar mutumin a natse take, Hausarsa tsaf, yana ɗan sirkawa da Turanci irin na ma'aikata. Ya yi sallama, ya kira cikakken sunana har da na mahaifina. Ya ce daga kamfanin kirifto yake, sashen tsaro. Ya ce, "Alhaji, ka ga saƙonmu na kwanaki kan kutsen da aka yi mana?" Na ce na gani. Ya ba ni haƙuri sosai a madadin kamfani. Ya faɗi ranar da na buɗe asusu, ya faɗi unguwar da nake. Sannan ya ce, "Yanzu haka akwai wanda ke ƙoƙarin shiga asusunka daga wata ƙasa. Muna so mu kulle shi kafin ya kwashe. Za mu turo maka lamba shida a waya, ka karanto mini da sauri."

Lambar ta shigo. Na cire wayar daga kunne, na duba, na karanta masa. A ƙarƙashin lambar an rubuta kada a faɗa wa kowa. Idona ya gani, kaina bai ɗauka ba. Har godiya na yi masa, Uwata. Na ce Allah Ya saka da alheri. Ya ce, "Amin Alhaji, aikinmu ne."

Ba a yi minti goma ba na buɗe manhajar hira zan tura wa ɗan kwangilar nan lissafinsa, sai na ga ta fitar da ni, tana cewa an buɗe lambata a wata wayar. Na sake gwadawa, ta nemi wata lamba da ban taɓa sawa ba. Na ce bari in duba imel. Na sa sunanki da shekararki, aka ce ba daidai ba. Na sake sawa a hankali, harafi bayan harafi, aka ce ba daidai ba. Na buɗe kamfani na biyu, wanda ba a taɓa yi musu kutse ba, wanda nake taƙama da shi. Fayau. Ba a bar ko na shan ruwa ba. Na koma na farkon, shi ma an share.

Ban san lokacin da na zauna a kan kwalin kaya ba. Ɗan kwangilar yana cewa, "Oga, lafiya? Oga?" Ina jin sa kamar daga cikin rijiya. Na kalli titi, motoci na wucewa, masu tura baro na ihu, komai na tafiya yadda ya saba, ni kuwa an yashe ni tsaye da rana tsaka ba wanda ya taɓa ko rigata.

Daga baya aka gano sun yi kwanaki a cikin imel ɗina ban sani ba. Da tsohuwar kalmar suka shiga. Suka zauna suna karanta rayuwata a tsanake: takardar samun gurbinki a jami'a, rasit ɗin makarantarki, hotunanku. Abu ɗaya ya rage musu, manhajar hira, don ita sai da lambar da ake turowa a waya. Ita ce na miƙa musu da bakina, har da addu'a.

Ki riƙe wannan da kyau. Lambar da aka turo miki a waya taki ce ke kaɗai. Ba ma'aikacin banki, ba na kamfani, ba jami'in hidimar ƙasa, ba wanda ke da hurumin tambayar ki ita. Kada sanin sunanki da unguwarku ya ruɗe ki, abin da suka sato ke nan. Kuma duk wanda ya kira yana gaggauta ki, yana cewa yanzu-yanzu ko a yi asara, ki kashe wayar. Ki nemi lambar wurin da kanki ki kira, ko ki taka ki je. Mai gaskiya zai jira ki.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye na yi shiru, na ce dukiya ce, Allah Ya bayar Ya karɓa. Kuskuren da ya fi duka yana gaba, kuma shi ba ɓarawo ya sa ni ba.

Kunya ta kama ni. Na tuna maganarki, na tuna ta Alhaji Sabi'u, na ga ba zan iya ɗaga ido in kalli kowa ba. Na rufe shago kafin la'asar na tafi gida. Na ce wa Ummanki zazzaɓi nake ji. Waya ta fara ƙara, lambobi iri-iri, na ɗauka mutanen nan ne za su ƙara yi mini wani abin, sai na kashe ta gaba ɗaya na jefa a aljihun tebur. Asabar ban fita ba. Lahadi ban fita ba. Ina kwance ina kallon silin, ina lissafin yadda zan ɓoye. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me suke yi da sunana a wannan lokacin ba.

Kin san Baba Danladi na Jiwa, amma ba ki san ko shi wane ne a wurina ba. Lokacin da na zo Abuja daga Funtuwa ina saurayi, tocila da batir nake yawo da su a faranti. Ba ni da kowa. A bakin wata rumfa nake kwana. Shi ya gan ni yana dawowa daga gona, ya tambaye ni ɗan ina ne, ya ce in biyo shi. Ya ba ni ɗaki a gidansa, shekara biyu bai karɓi ko sisi ba. Shi Kirista ne, ni Musulmi. Matarsa Mama Lami ta ware mini tukunya, in za a yanka kaza ni ake kira in yanka don in samu in ci. A Jiwa aka haife ki. Mama Lami ta goya ki kafin kakarki ta iso daga gida. Da muka koma Lugbe nisa ya shiga tsakani, sabon gidan ma bai taɓa zuwa ba, shago ya sani. Amma duk kaka sai doyarsa ta iso mana.

Ranar Litinin na daure na fito. Ina cikin buɗe kwaɗon shago sai na ji an riƙe mini hannu ta baya. Na juya. Baba Danladi ne, da takalmin gona a ƙafarsa, idanunsa sun yi ja. Mama Lami na bayansa da kular abinci da zani a ninke a hammata.

Ya ce, da Hausar nan tasa da ba ta bambanta mace da namiji, "Ibrahim, yarinya yana ina? Wane asibiti aka kai shi?"

Na ce, "Wace yarinya?"

Ya ce, "Hauwa! Ka gaya mini gaskiya, ya mutu ne? In ya mutu ka faɗa, ni ba yaro ba ne."

Mama Lami ta fashe da kuka a tsakiyar layi. Mutane suka fara taruwa. Na tambaye ta inda suka ji wannan magana. Ta ciro wayar Baba Danladi ta nuna mini. Ga hotona a sama, ga sunana, ga lambata. An rubuta da Hausa: "Baba Danladi, mota ta buge Hauwa'u a Zariya. Muna asibiti, likita ya ce sai an yi aiki yau ko a rasa ta. Ba a barin amsa waya a nan. Don Allah ka taimaka da abin da ya samu, ga asusun nas ɗin." A ƙasa kuma ga hotonki, wanda kika turo mini ranar da kika shiga aji uku.

Uwata, na karanta mutuwarki da rubutun da aka ce nawa ne. Duk da na san ƙarya ce, sai da na karɓi wayar Alhaji Sabi'u na kira ki. Kika ɗauka, kina jin muryata kika ce, "Baba, ina shirin shiga jarabawa, lafiya?" Na ce lafiya lau, na kashe. Shi ne kiran da kika ce muryata ta yi wani iri.

Na juya na ce wa Baba Danladi, "Lafiyarta ƙalau. Ba ni na rubuta ba. Ɓarayi ne."

Ya zauna a kan dakalin shago, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita.

Mama Lami ce ta ba ni labari. Saƙon ya shigo Juma'a da yamma. Suka kira ni, waya a kashe. Suka sake kira, a kashe. Baba ya ce to ai ga shi an faɗa, ba a barin amsa waya. Ba su da lambar Ummanki ta yanzu. Asabar da sassafe ya fitar da irin doyar da ya tanada zai shuka a satin, ya haɗa da bunsurunsa, ya sayar a farashin da mai saye ya ga dama, ya kai kuɗin aka tura. Ya zo shago ya tarar a rufe, abin ya ƙara tabbata. Lahadi a coci ya miƙe gaban jama'a ya roƙi a yi miki addu'a. Kwana biyu ba wanda ya ci abincin kirki a gidan. Kular nan da ta riƙo, kunun gyaɗa ne ta dama miki, zanin kuma na jinya ne, ta zo da shirin tafiya Zariya.

Na durƙusa a gabansa, a cikin kasuwa, ban damu da masu kallo ba. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Zan mayar maka da komai."

Ya sauke hular ya ce, "Ibrahim, ɓarawo ya yi aikinsa, ni ba ruwana da shi. Amma kai me ya sa ka kashe waya? Da ka ɗauka sau ɗaya. Sau ɗaya kawai."

Har yau tambayar nan tana kunnena.

Wannan ce nasihar da na fi so ki riƙe, ko kin manta sauran. In abu irin wannan ya same ki, kuma yana iya samun kowa, kada ki ɓuya. A cikin sa'ar farko ki ari waya ki kira mu, ki kira ƙawayenki, ki ce a yaɗa: an ƙwace lambata, duk wanda ya ga saƙo ba ni ba ce. Ki kira banki su rufe abin da za su iya rufewa. Kunyar da na guje wa ta yini ɗaya ce, da an yi mini dariya an gama. Shirun da na yi shi ya zama shaidar ɓarayin. Su suka yi ƙaryar, ni na gaskata musu ita.

Haka kuma in ke aka turo wa saƙo da sunana ko na Ummanki, an ce muna asibiti ko hannun hukuma, kada ki tura ko kwabo sai kin ji mu. In ba ki same ni ba ki nemi Ummanki, ki nemi kawunki, ki nemi Alhaji Sabi'u, zan rubuta miki lambarsa a bayan takardar nan. An ce yanzu har murya suna iya kwaikwaya, to ki yi tambayar da ɗan gida ne kawai zai iya amsawa. Ba zan ji haushi ba don kin gwada ni. Ki ba Mama Lami lambarki, ki ba maƙwabtanki na can tamu. Kada ya zama hanya ɗaya ce tak ake samun labarinki.

Za ki so jin yadda aka ƙare. Mun kai ƙara, mun je banki, an rubuta, an ce za a bincika. Asusun da aka tura kuɗin an riga an kwashe shi tun ranar. Manhajar hira ta dawo hannuna bayan kwanaki. Imel ɗin bai dawo ba, sun canja duk hanyar da zan bi in karɓo shi. A ciki hotunan kakarki suke, mai sunanki, waɗanda na ɗauka a zuwanta na ƙarshe. Ba ni da su a wani wuri. Wannan ma ki koya: abin da ba kya son rasawa kada ki ajiye shi wuri ɗaya.

Akwai wasu mutum uku da su ma suka tura, 'yan kasuwa ne, na bi su na sallame su. Baba Danladi kuwa ya ƙi. Na kai masa kuɗi ya ce in mayar aljihu. Na tafi har kasuwar Paikon Kore na sayo irin doya mai kyau na kai masa a mota, ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Abin da na bayar don yarinya ba bashi ba ne. Ni ban ba ɓarawo ba, Hauwa na ba." Sai da ya shiga ciki Mama Lami ta yi mini alama da ido aka sauke doyar ta bayan gida. Amma lokaci ya riga ya ja. Rabin gonar kawai ya samu ya shuka. Na je na gani da idona watan jiya: gefe ɗaya kunyoyin doya sun yi kore, ɗaya gefen ciyawa ce har gwiwa. Mutumin da ya haura saba'in, abincin shekararsa ke nan.

Bai sake tayar da maganar ba. Amma duk zuwan da na yi, in zan tafi sai ya rako ni bakin hanya, ya rage murya ya ce, "Ibrahim, da gaske yarinya yana lafiya?" In ce lafiya lau, Baba. Ya gyaɗa kai. Na lura bai gama yarda ba. Tun ranar da aka ce masa mota ta buge ki bai sa ki a ido ba, kuma ni na hana, don ina tsoron ki je ki ji.

To yanzu kin ji. Abin da nake roƙonki, kafin ki hau mota a tashar Utako ranar Asabar, ki shirya ranar Juma'a da safe mu je Jiwa tare. Ba sai kin kai komai ba, ba sai kin yi dogon jawabi ba. Ki sauka daga mota tun daga bakin hanya, ki taka da ƙafafunki har ƙofar gidansa, ya gan ki kina tafiya. In Mama Lami ta dama kunu, ki zauna ki shanye.

Ki yafe wa mahaifinki ƙaryar da ya yi miki da girman kan da ya nuna miki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki zauna lafiya da mutanen da za ki tarar, ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba. Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya rufa miki asiri, Ya tsare sunanki daga bakin maƙaryata, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki da kowa. Allah Ya yi miki albarka duniya da lahira. Ummanki tana sa miki albarka, ita ma ta ce amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Ibrahim